Da Mutum a Gabana

Mai askin nan na kusurwar layin 'yan katako, wanda kowa ke kira Haka-ne, ba mutumin gangare ba ne, ko da yake shekararsa goma sha tara yana aske kawunan mutanen gangare. Can kan tudu aka haife shi, tafiyar awa tara a motar haya in hanya ta yi kyau, kuma hanyar ba ta taɓa yin kyau ba. Sunan nan ma daga can ya taho da shi. Bakinsa ne ya ja masa.

Ubansa mai aski ne. Ranar da zai fara ba shi aska, kafin ma ya nuna masa yadda ake wasa ta, sai da ya zaunar da shi ya ce, "Ka ga duk wanda ya hau kujerar nan, wuyansa ya miƙa maka. Kada ka kuskura ka yi musu da shi. In ya ce maka jiya jakinsa ya yi ƙwai, ka ce haka ne. Mai musu hannunsa rawa yake yi, shi ma mai kan sai ya motsa, daga nan sai jini." Ya riƙe maganar nan gam. Shekara talatin da 'yan kai yana sana'a bai taɓa yankar kowa ba, ko ƙwarzane. Da wannan yake taƙama, don dama ba shi da wani abin taƙamar sai shi.

A kan tudu cewa haka ne ba ta da wata wahala, don kowa magana ɗaya yake yi. Jam'iyya ɗaya gare su, mai alamar fitila. Kakanni fitila, iyaye fitila, jariri ma in ya tsala kuka sai a ce fitila yake kira. Ranar zaɓe ba a buɗe shago. Da sassafe ake fitowa gida-gida, maigida a gaba, iyali a baya, a nufi harabar makarantar firamare. Mutum in ya fito daga rumfa sai ya ɗaga yatsa mai tawada ya faɗi abin da ya dangwala wa da ƙarfi, alhali ba wanda ya tambaye shi. Wanda ba a gani a layi ba kuwa, da yamma za a je duba shi, don an san ba lafiya ba.

Su biyu ne maza a wurin uban, shi da wansa kafinta, wanda ya ba shi shekara bakwai. Yaya ba mai yawan magana ba ne. In ya ce maka "to", ka samu hira ke nan ta wunin. Shekarar da Haka-ne ya fara jefa ƙuri'a ya makara, ya tarar layi ya zagaye harabar har ya fito titi. Yana cikin leƙe-leƙe sai ya hango Yaya can gaba ya bar fili a gabansa, daidai tsayuwar mutum ɗaya. Na baya suna ta mita a matsa, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba, abin da yake cewa kawai, "Da mutum a gabana." Daga ranar abin ya zauna: jajibirin zaɓe ƙane ya aske wa wa kai, da safe wa ya riƙe wa ƙane wuri. Haka-ne ma da gangan ya koma makara.

Da iyayen suka rasu aka ja katanga a tsakiyar gida, kowa ya ji da iyalinsa. Ba faɗa suka yi ba, kawai dai ba su iya hira da juna ba ne. In ka cire askin nan da layin nan, babu sauran abin da su biyun ke yi tare, kuma Haka-ne ya san da haka sarai.

Matarsa nas ce. Ana nan sai takarda ta zo an canza mata wurin aiki zuwa babban asibitin gangare. Ya yi tunani kwana biyu, ya ga ai gashi ko'ina fitowa yake, ya ce a tafi. Yaya ya ƙera masa benci da katakon madubi, ya taya shi ɗaure su a saman mota. Da direba ya tayar, sai Yaya ya leƙo ta taga ya ce, "Auta, katin zaɓenka a makarantar nan yake, ka dai sani."

"Haka ne, Yaya."

Shirmen farko da ya tafka a gangare, na kalanda ne. A shagon ubansu kullum akwai kalandar fitila a saman madubi, shi a ganinsa kayan shago ce, kamar tawul da almakashi. Yana buɗe sabon shago ya buga ƙusa ya rataye ta. Mutum zai ɗaga labule, ya yi sallama, idonsa ya faɗa kan kalanda, sai ya ce bari ya je ya dawo. Kwana shida yana korar ƙuda. Ranar na bakwai telan da ke maƙwabtaka da shi ya shigo, ya dube shi, ya dubi bango, ya ce, "Bawan Allah, aski ka zo yi garin nan ko kamfen?" Haka-ne ya sauke kalandar ya naɗe, ya tura ta ƙarƙashin benci. Hoton wani mutum mai kyakkyawar saje ya maye gurbinta.

Mutanen gangare dai sai su. Yawancinsu tsani suke yi, wato ɗaya jam'iyyar, amma ba don ƙauna ba. Yau su zaɓi mutum, gobe su fi kowa zaginsa, zaɓe na zagayowa su kayar da shi su ɗora wani, shi ma su sa shi a gaba. Ranar zaɓe rabin gari na kasuwa. Masu zuwa ma sai sun ci sun ƙoshi sun yi barcin rana, sannan su ja silifa su tafi ɗaya-ɗaya, kamar masu zuwa sayen ashana. Ka tambayi mutum wa ya dangwala wa, sai ya kalle ka kamar ka ɗaga masa labulen ɗaki. Haka-ne ya yi mamakin wannan rayuwa iya mamaki, amma bai gaya wa kowa ba. Masu zagin fitila suka hau kujerarsa ya ce haka ne, masu zagin tsani suka hau ya ce haka ne, wanda ya ce duk ɓarayi ne, shi ma ya samu tasa. Kafin shekara ta zagayo benci ya cika, sai an jira.

Duk zaɓe kuma sai ya kulle shago ya ɗauki jakar askinsa ya nufi tasha. Tela yakan yi masa tsiya: "Awa tara zuwa, awa tara dawowa, kan ƙuri'a ɗaya tak! Wallahi ko ni nake takara ba zan yi wa kaina wannan wahalar ba." Matarsa ma ta sha gaya masa ofishin zaɓe ga shi nan bayan kasuwa, rabin awa ya isa a maido masa da katinsa nan. Ya ce haka ne, kuma bai je ba. A hanya yana lura da inda fastoci ke canzawa: ana haye babbar gada tsani zai fara raguwa a jikin bishiyoyi, mota na fara hawan tudu kuwa sai fitila ko'ina, har a jikin shagon mai faci. Zai isa da la'asar, ya kafa kujera a ƙofar gida, Yaya ya zauna, a yi aski shiru. Da safe ya makara, ya tarar da wurinsa.

Cikin masu zuwa shagonsa akwai wani tsohon akawu da ya yi ritaya, mai sanƙo da ɗan gashi kaɗan a gefe, amma duk mako sai ya zo, don ba askin ke kawo shi ba, kujerar ce da kunnen da ba ya musu. Baba Akawu ya san kowa da laifinsa. Wata rana, shekara goma sha ɗaya da zuwan Haka-ne, bututun ruwa ya fashe a layin 'yan katako, kwana uku tsakani aka zo aka gyara, har da ɗan majalisa tsaye a rana yana share gumi. Baba Akawu yana kishingiɗe da kumfa a haɓa ya nuna shi da leɓe.

"Ka gan shi can? Tsoronmu yake ji, shi ya sa. Ya san in ya yi wasa waje zai yi. Amma je ka tudu ka gani. Wa zai ji tsoron mutumin da ya riga ya san abin da zai dangwala tun kafin a haife shi?"

Haka-ne ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Ya goge askar a tawul ya ci gaba.

Sai dai ranar, da ya kulle shago ya kama hanya, maganar ta biyo shi har gida. Abin da bai taɓa faruwa ba ke nan. Maganar kujera a kujera yake barin ta, a share ta da gashi. Ya tuna kwalbatin ƙofar gidansu na tudu, wanda ya rufta tun ubansu na da rai. Duk zaɓe sai 'yan fitila sun zo sun tsaya a kansa sun yi alkawari, an tafa musu, Yaya kuma duk damina sai ya shimfiɗa katako a kai don yara su samu wucewa. Ya tuna yadda aka ɗauko uwarsu a kujera aka tsallakar da ita ramin nan zuwa mota, ranar ciwon da ba ta tashi ba. Ya yi tsaki, ya ce wa kansa surutun tsoho ne.

Zaɓen da ya biyo baya ya je kamar kullum, ya yi askin, ya shiga wurinsa a gaban Yaya. Da ya shiga rumfa ya ja labule, ya daɗe yana kallon takardar, har malamin zaɓe ya yi gyaran murya. Ya dangwala wa tsani. Ya fito ya ɗaga yatsa kamar kowa, bai ce komai ba, hayaniyar mutane ta rufa masa asiri. Zaɓen gaba ma haka. Ba daɗi ya ji ba, kuma bai yi nadama ba. Abin da ya dame shi ɗaya ne, kada Yaya ya sani.

To, ana cikin haka idon Yaya na hagu ya yi yana, har ya fara buga guduma a yatsa. Matar Haka-ne ta ce a kawo shi asibitinsu. Da kyar da lallami ya yarda ya hau mota, karon farko da ya taka gangare. Aka yi aikin lafiya, likita ya ce ya zauna mako biyu a sake dubawa. Zaman gida ya ishe shi, kafinta ne da bai saba naɗe hannu ba, sai ya riƙa bin ƙanensa shago, ya zauna a ƙarshen bencin da shi ya ƙera, ido ɗaya a rufe da bandeji, yana shafa katakon yana duba inda ya saki.

Rana ta huɗu Baba Akawu ya shigo. Haka-ne na ganinsa ya gyara masa kujera. Ya so ya ce ga wana daga tudu, amma tsohon tun daga bakin ƙofa ya ɗauko zance, bai bar ƙofar da magana za ta shiga ba. Aka ɗaura masa mayafi, aka shafa kumfa, aska ta hau wuya, sai ga shi ya gangaro kan zaɓe mai zuwa.

"Mu nan za mu kori masu mulkin nan. Matsalar tudu ce. Mutanen nan, wallahi ko akuya ka kamo ka rataya mata fitila a wuya, layi za su yi tun asuba su dangwala mata, su fito suna ɗaga yatsa. Shekara nawa, ko hanya ba a yi musu ba. Ko ba haka ba?"

Askar tana daidai maƙogwaro. Shekara talatin baki ya saba, bai jira izinin mai shi ba.

"Haka ne."

Yaya ya jira har aka gama, aka shafa wa tsohon hoda ya fita, sannan ya miƙe ya laluba takalmansa. Haka-ne ya bi shi waje yana cewa, "Yaya, ai ka san ƙa'idar babanmu. Aska na wuyan mutum."

"Na san ta. A gabana ya koya maka." Ya juyo da ido ɗayan ya tsura masa. "Tun kana yaro nake jin haka-nenka, Auta. Iri biyu ce. Akwai ta baki, akwai ta ciki. Ta yau ba ta baki ba ce."

Washegari da safe Yaya ya ɗauki ledar magungunansa ya tafi tasha, bai jira ganin likita ba. Matar Haka-ne ta yi roƙon duniya ya ce aiki na jiransa. Da ta dawo daga rakiya ta dubi mijinta ta ce, "Baban yara, kai ma dai. Ko tari ba ka iya yi ba? Ko ka ce ruwa ya ƙare ka fita?" Ya buɗe baki zai ce haka ne, sai ya rufe.

Wata takwas suka rage zaɓe. A da duk mako yakan kira Yaya, su yi minti ɗaya: ya gida, ya aiki, to madalla. Yanzu in ya kira sai matar Yaya ta ɗauka ta ce yana wurin aiki, ko ya ɗan kwanta. Ya aika da maganin ɗigawa a ido ta hannun direba, aka ce an gode. Haka-ne ya ci gaba da aski, hannu bai canza ba, amma tela ya lura ya rame, har ya tambaye shi ko ciwon sukari ne. Da mako ɗaya ya rage, matarsa ta sake kawo maganar ofishin bayan kasuwa, a hankali wannan karon. Ya ce ai lokacin canza kati ya wuce. Gaskiya ne ya wuce, amma ko da bai wuce ba, ba zai je ba. In ya maido katin nan gangare, to ya san shi da Yaya sai dai a haɗu wurin jana'iza.

Ya ɗauki jakarsa ya hau mota. Ya ga tsani ya ƙare a gada, fitila ta fara. Ya isa da la'asar, ya tsallake katakon da ke kan kwalbati, ya yi sallama. Matar Yaya ta kawo ruwa tana satar kallonsa. Bai san ko za a fito ba, amma ya ɗauko kujera ya kafa a ƙofar gida inda ya saba, ya shimfiɗa tawul, ya fara wasa aska a jikin fata. Ya wasa ta, ya sake wasa ta, har ta wuce misali. Can sai ga Yaya ya fito, idon ya washe tas, ya cire hula ya zauna bai gaishe shi ba.

Haka-ne ya jiƙa kan, ya shafa sabulu, ya fara daga goshi. An ci rabin kai sai Yaya ya yi magana, shi da bai taɓa magana ana aski ba.

"'Yan fitilar nan sun cuce mu. Dubi kwalbatin nan, shekara nawa. Ni na ga kamar mutanen gangare sun fi mu wayo."

Tarko ne, kuma ko yaro ya san tarko ne. Yaya bai iya wayo ba, yadda yake haɗa katako a fili haka yake haɗa magana. In Haka-ne ya ce haka ne, ya tabbata bakinsa ba na kowa ba ne, har wansa ma kai ne kawai a kujera. In ya ce a'a, fitila ce gatanmu, ya yi ƙarya, kuma mutumin da ke bambance haka-ne ta baki da ta ciki ba zai kasa jin ƙarya ba. Ya ji hannunsa ya fara rawa. Sai ya ɗaga askar daga kan, ya naɗe ta, ya ajiye a kan tawul, ya zagayo gaba ya tsuguna.

"Yaya, na ajiye aska, yanzu ba mai aski ke magana ba. Zaɓe biyu da suka wuce ban dangwala wa fitila ba. Tsani na yi. Gobe ma shi zan yi. Ba don ina son su ba, don dai a fara jin tsoronmu ne. Maganar akuya kuwa ban ji daɗinta ba, kuma da na hana shi. Wannan laifina ne, ka yafe mini."

Yaya na zaune, rabin kai fari da kumfa, rabi a aske. Wani mai keke ya wuce ya gaishe su, ba wanda ya amsa.

"Zaɓe biyu," in ji Yaya.

"Biyu."

"Wato shekara takwas ina fita tun asuba, ina shan zagin mutane, ashe tsani nake riƙe wa layi."

Ƙwalla ta cika wa Haka-ne ido, ya ji kunya, mutum mai furfura a tsugune a bakin titi.

"Tashi ka ƙarasa mini. Ko haka za ka bar ni in shiga mutane?"

Ya tashi ya buɗe askar. Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannun bai dawo daidai ba. Yana zagayowa bayan kunnen dama sai ga jan layi ya fito, siriri, jini ya gangaro cikin kumfa. Ya tsaya yana kallonsa kamar bai taɓa ganin jini ba. Yaya ya kai yatsa ya taɓa, ya duba, ya goge a tawul. Haka-ne ya danna auduga, matar Yaya ta kawo filasta aka manna. Yaya ya sa hularsa ya shige gida. Abinci ma a ɓangaren Haka-ne aka kai masa, ya ci shi kaɗai.

Da safe bai makara da gangan ba, kasa fita ya yi. Ya ji fitar Yaya, ya ji fitar iyalinsa, ya ji unguwa ta yi tsit. Ya zauna a bakin gado da kati a hannu har rana ta ɗaga. Ya yi tunanin wucewa tasha kai tsaye. Daga baya ya ce awa tara ya yi, ko ba komai ya jefa ƙuri'ar.

Layi ya fito har titi, kamar kullum. Ya tsaya a ƙarshe bayan wata tsohuwa mai lema, bai ɗaga kai ba. Aka matsa, ya matsa. Da suka shiga harabar makarantar sai ya ji hayaniya can gaba wajen teburin malaman zaɓe, irin hayaniyar da ya sani. Wani yana cewa, "Haba Malam Kafinta, a matsa mana, rana na dukanmu!" Wani ya ce, "Kullum sai ka yi mana haka!"

Ya ɗaga ƙafa ya leƙa. Ga hular Yaya, ga farin filasta a bayan kunne. A gabansa fili, daidai tsayuwar mutum ɗaya. Saura mutum biyar a kai tebur. Yaya bai waiwayo ba, bai neme shi da ido ba, bai aiko kowa ya kira shi ba. Muryar dai ta fito, a daƙile.

"Da mutum a gabana."

Haka-ne ya tsaya kamar an kafe shi. Saura huɗu. Tsohuwar mai lema ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce, "Kai ɗan mai aski, ba kai ake jira ba? Wuce mana, ka bar bawan Allah yana shan baƙar magana."

Ya fita daga layi ya bi gefe, mutane suna yi masa barka da zuwa, wasu na tsokanarsa wai ɗan gangare ya iso da makararsa. Ya shiga filin ya tsaya, ya ba Yaya baya. Ya ce, "Ina kwana, Yaya."

Aka matsa, suka matsa tare. Saura biyu. Sai ya ji magana daf da ƙeyarsa, ƙasa-ƙasa, yadda na kusa ma ba za su ji ba.

"In ka fito, ka ɗaga yatsa ka rufe bakinka. Kada ka ja mini magana a unguwa."

"To, Yaya."

"Kuma ka yanke ni. Har yanzu zafi yake."

Malamin zaɓe ya miƙo hannu ya karɓi kati, ya duba fuska, ya duba littafi, ya miƙa masa takarda. Haka-ne ya shiga rumfa ya ja labule. Bai daɗe ba wannan karon. Ya fito ya ɗaga yatsa, ya koma gindin bishiya ya jira. Da Yaya ya fito shi ma ya ɗaga nasa, ya faɗi fitila da ƙarfin da bai taɓa yi ba, har 'yan layi suka tafa masa. Sannan suka jera zuwa gida. A bakin kwalbati Yaya ya taka katakon ya ji ya yi laushi, ya ce kafin damina sai an canza shi.

Fitila ce ta ci a tudu, da rata mai yawa, kamar kullum. A akwatin makarantar firamare tsani ya samu ƙuri'a bakwai, mutanen unguwa suka yi mako suna lissafin ko su wane ne. Yaya ya san ɗaya, kuma bai faɗa ba.

Haka-ne yana nan a kusurwar layin 'yan katako. Baba Akawu na zuwa duk mako, yana samun haka-nensa daidai gwargwado, sai dai in ya ɗauko zancen mutanen tudu, mai askin yakan naɗe aska ya ce bari ya ɗebo ruwa. Ya daina cewa bai taɓa yankar kowa ba. In sabon mai zuwa ya tambaye shi ko hannunsa na da kyau, cewa yake, "Sau ɗaya na taɓa yankar mutum, shi ma wana ne." Katinsa har yanzu a makarantar tudu yake. Duk mako yana kira, wani lokacin matar Yaya ta ɗauka, wani lokacin Yaya da kansa, su yi minti ɗayansu: ya gida, ya aiki, to madalla.